Sake Shuka: Darasi Domin Gidan da Ɗansu Ya Sha Faɗuwa a Jarrabawa

Ya ku iyaye da 'yan'uwa, darasinmu a kan wata jarrabawa ne mai wuya ƙwarai, da abin da ya kamata gida ya yi sa'ad da ɗansu ya faɗi, ya sake faɗuwa, ya kuma sake. Yawancinmu ba za mu taɓa shiga ɗakin wannan jarrabawa ba. Amma yaran da muka sa lakwal sun girma. Waɗansu suna aiki a Yamai, waɗansu a ƙasashen waje, cikinsu kuwa akwai masu aikin rezo. In ɗaya daga cikinsu ya kira ku a tarho da sanyin murya ya ce, "Baba, ban ci ba," ya kamata ku san abin da yake nufi, ku kuma san amsar da za ku ba shi.

Wane irin aiki ne wannan?

Sa'ad da ka aika saƙo daga salularka a Tasawa zuwa ga ɗanka a Abijan, saƙon ba ya tashi kai tsaye kamar tsuntsu. Yakan bi ta na'urori masu yawa, kowace tana miƙa shi ga ta gaba. Ka san ɗan kamasho a tashar mota. Shi ya san motar da za ta Dakwaro da wadda za ta Madawa, ya kuma san hanyar da ruwa ya yanke, sai ya juya fasinja zuwa wata. Haka waɗannan na'urori suke yi da saƙonni, dubbai a cikin ƙiftawar ido. Mutumin da yake shirya su, yana koya musu hanya, yana gyara su in sun rikice, shi ne injiniyan rezo. Banki, asibiti, kamfanin tarho da ofisoshin gwamnati duka suna bukatarsa.

Wani kamfani na Amurka mai suna Cisco, wanda aka kafa a shekarar 1984 a jihar Kaliforniya, yana cikin manyan masu ƙera irin waɗannan na'urori. Kamfanin yana ba da takardun shaidar gwaninta hawa hawa. Akwai CCNA ta masu farawa, akwai CCNP a tsakiya, sa'an nan CCIE ta gwanaye. Wannan ta gwanaye ita ce zancenmu.

Jarrabawar kanta

An fara CCIE a shekarar 1993. Kowane wanda ya ci, akan ba shi lamba tasa ta kansa. Ba daga 1 aka fara ƙirga ba, daga 1024 aka fara, wannan lamba ta farko kuwa ɗakin jarrabawar aka ba. Yanzu lambobin sun wuce 60,000. Ku auna wannan: shekara fiye da 30, duniya duka, mutanen da suka taɓa ci ba su kai yawan mutanen birnin Maraɗi ba.

Jarrabawar kashi biyu ce. Ta farko amsa tambayoyi ne a gaban kwamfuta, awa 2. Ta biyu ita ce mai ka da mutane, watau ta aiki da hannu. Dā kwana 2 ake yinta, a shekarar 2001 aka mai da ita yini ɗaya, awa 8. A watan Fabrairu na 2020 aka sake tsarinta. Ga wanda ya ɗauki fannin rezon manyan ma'aikatu, awa 3 na farko na tsara rezo ne bisa ga bukatun da aka ba shi, in kuwa ya wuce tambaya ba ya iya komowa kanta. Awa 5 da suka rage na ginawa ne da gyarawa. Dole ya kai ma'aunin da aka sa a kowane kashi, ya kuma kai jimillar da ake bukata. Wanda ya yi fice a kashi ɗaya ya gaza a ɗayan, ya faɗi ke nan.

Akwai kuma wani abu mai ɗaci. Tun da daɗewa al'adar wannan jarrabawa ita ce, aikin da bai cika ba ba ya samun rabin maki. In an ce ka yi abu mai sharaɗi huɗu, ka yi uku daidai ka manta ɗaya, ka tashi a tutar babu. Ayyukan kuma a kan juna suke zaune, kamar tubalin rumbu. Kuskure kaɗan da safe yana iya karkatar da abin da aka ɗora a kansa har la'asar.

Kamfanin da kansa yana ba da shawara mutum ya yi shekara 5 zuwa 7 yana wannan aiki kafin ya gwada. Ba ya buga yawan masu ci da masu faɗuwa, amma sanannen abu ne a cikin masu sana'ar cewa da yawa daga gwanayen ba a zuwan farko suka ci ba. Saboda haka ɗanku da ya faɗi ba daƙiƙi ba ne. Tun kafin ya shiga wancan ɗaki ya riga ya ci jarrabawar farko, wadda ita ma ba wasa ba ce.

Amma kada mu tsaya a nan, gama ta'aziyya kaɗai ba ta sa mutum ya ci a karo na huɗu.

Tona ramin ka duba

Kowane manomi a ƙasarmu ya san sake shuka. Ruwan farko ya zo, ka fita da iyalinka kun shuka hatsi, sai sama ta ɗauke kwana 20. Ko kuwa tsiro ya fito da kyau, iska ta taso da rairayi ta binne shi. Ko ɓeraye su bi layi da dare su tone irin. Akwai shekarar da mutum yakan shuka gona ɗaya sau uku. Ba wanda yake ce masa rago saboda wannan.

To, amma me manomi mai hankali yake yi kafin ya koma da sungumi? Yakan durƙusa ya tona rami ya duba. In ya tarar da ƙwayar a bushe, rashin laima ne. In ta ruɓe, wata matsala ce dabam. In babu ta sam, ɓarawo ne mai ƙafa huɗu. Kowace cuta da maganinta. Wanda bai tona ba, ya dai ɗebo iri ya sake zubawa kamar jiya, yana ciyar da ɓera ne daga rumbunsa.

Haka yake ga wannan jarrabawa. Wanda ya faɗi akan aiko masa da takardar sakamako mai nuna kashi nawa cikin ɗari ya samu a kowane fanni. Wanda ya ci ba ya samun wannan bayani, "ka ci" kawai ake gaya masa. Ashe mai faɗuwa yana da wani abu a hannu da ya saya da tsada. Abin tausayi shi ne, da yawa sukan dubi takardar sau ɗaya, zuciya ta ɓaci, su rufe ta, ba su ƙara buɗewa ba.

Ya kai mai jarrabawa, bari in yi magana da kai kai tsaye. Ka huta tukuna. Dokar kamfanin ma ba ta yarda ka koma ba sai bayan kwana 30, ni kuwa a ganina kwana 30 sun yi kaɗan ga yawancin mutane. Bayan ka yi barci ka ci abinci hankalinka ya komo, ka ɗauko takardun sakamakonka duka, na farko da na biyu da na uku, ka jera su. Ka tambayi kanka gaskiya. Wuri ɗaya nake faɗuwa kowane karo, ko wurin yana sauyawa? Makina yana hawa, ko yana nan inda yake?

In wuri ɗaya ne, to akwai fannin da ba ka sani ba, kana kuwa gudunsa. Mutum yana son maimaita abin da ya iya, gama yana da daɗi. Sai ya kwana yana gina abin da ya riga ya gwanance, fannin da yake tsoro kuwa ya ce sai gobe. Tun 2020 an ƙara sababbin fannoni, kamar sarrafa na'urori da yawa daga wuri guda da rubuta 'yan umarnai domin kwamfuta ta yi aikin da kanta. Tsofaffin hannu da yawa a nan suke tuntuɓe, domin sun dogara ga abin da suka iya tun dā. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

In kuwa ka san abin amma lokaci ne yake ƙare maka, ƙarin karatun littafi ba zai taimake ka ba. Hannu ne bai saba ba. Maganinsa shi ne ka zauna awa 8 cur a gida, da agogo a gabanka, ba tarho, ba tashi, ka yi gwaji kamar ranar gaske, ka maimaita har jikinka ya san tsawon yinin. Ba sai ka sayi na'urorin ba. Akwai manhajoji irin su GNS3 da EVE-NG da suke kwaikwayon na'urorin a cikin kwamfuta. Sai dai suna son kwamfuta mai ƙarfi da kuran da ba ya yawan yankewa, wannan kuwa a ƙasarmu shi ma lissafi ne.

Akwai na uku, mai fita daga ɗakin yana murna, yana cewa lalle ya ci, sa'an nan sakamako ya zo ya kunyata shi. Wannan sau da yawa gaggawa ce ta cuce shi. Bai karanta umarnin har ƙarshe ba. An ce ya kai saƙo wuri kaza amma kada ya bi ta hanya kaza, shi kuwa ya ga saƙo ya isa sai ya wuce. Ko kuwa gyaran da ya yi da azahar ya ɓata aikin safe, bai koma ya duba ba. Irin wannan mutum ya koyi karanta kowace tambaya sau biyu, ya kuma ware lokaci a ƙarshe domin bin sawun aikinsa.

Na huɗu shi ne wanda jikinsa ya ci amanarsa. Ya sauka daga jirgi da dare, ga sanyin da bai saba ba, ga abincin baƙi, ga tunanin kuɗin da aka kashe, bai runtsa ba har gari ya waye. Da ya tarar da abu na farko mai wuya sai kansa ya ɗaure, ya ɓata awa guda a wuri ɗaya. Wannan ya isa garin da kwana biyu a hannu. Ya kuma yi wa kansa doka tun daga gida: aikin da ya ƙi ci bayan 'yan mintoci, a tsallake shi, a komo daga baya.

Da wuya mutum ya ga ƙeyarsa. Ka nemi wanda ya riga ya ci, ko abokan karatu biyu ko uku, su ba ka aiki su duba yadda kake yi. Ka bar su su gaya maka abin da ba ka so ka ji.

A zauna a yi lissafi

Yanzu mu zo ga kuɗi, gama a nan ne gidaje suke jin ciwo. A shekarar 2023 kuɗin zama jarrabawar aiki da hannu sau ɗaya dalar Amurka 1,600 ne. Ku lura, ba dalarmu ta kasuwa mai tamma 5 ba. In an juya shi a kuɗinmu na wannan shekara, ya kusa sefa miliyan 1, watau jika 1,000. Ta farkon kuma dala 400 ce. In ka faɗi ba a mayar maka da ko tamma. Ban da wannan, babu ɗakin jarrabawar na dindindin a Afirka ta Yamma. Sai an je wurare kamar Burusel a Beljiyam, ko Dubai, ko Bangalo a Indiya. Ga kuɗin jirgi, ga biza, ga masauki, ga abinci. Ku ninka wannan sau uku, ku ga damin hatsi nawa ne.

Akwai kuma agogo da yake tafiya. Bisa ga tsarin 2020, wanda ya ci jarrabawar farko yana da shekara 3 ya ci ta biyu. In sun wuce, sai ya koma ya sake ta farkon. Wannan yakan sa mutum gaggawa, ya ce bari in koma maza kafin lokaci ya ƙure. Amma sake biyan dala 400 ya fi sauƙi a kan zubar da 1,600 da kuɗin jirgi a tafiyar da ba a shirya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Haɗarin da ya fi girma shi ne tunanin nan mai cewa, "Na riga na kashe da yawa, ba zan iya tsayawa yanzu ba." Da wannan tunani ɗan caca yake sayar da rigarsa. Kuɗin da ya tafi ya tafi. Tambayar da ta rage ita ce, kuɗin da yake hannu yanzu, ina ya fi kamata ya je?

Saboda haka kafin a sake biya, a zauna. Mai jarrabawa da matarsa, da iyayensa in da hannunsu a ciki. A faɗi adadin a fili, kada a ɓoye. A yanke sau nawa za a ƙara gwadawa, da watan da za a tsaya a sake dubawa. A kuma faɗi abin da ba za a taɓa ba ko ana ha maza ha mata. A ganina gona tana cikin wannan, da hatsin ci, da kuɗin lakwal na ƙanne, da bashi mai ruwa. Manomi yana sake shuka da irin da ya ware, ba ya kwashe abincin yara ya zuba a rami. In mutum yana aiki a ma'aikata, ya tambayi shugabansa ko za su ɗauki wani kashi, gama waɗansu kamfanoni sukan biya wa ma'aikatansu, tun da su ma suna cin ribar takardar.

Masu sayar da gajeriyar hanya

Wanda ya faɗi sau uku, 'yan kasuwa sukan ji ƙanshinsa. Za su ce suna da ainihin tambayoyin da amsoshinsu, ya biya kawai ya haddace. Kowane mai shiga jarrabawar yakan yi alkawari ba zai fitar da abin da ya gani ba, saboda haka kayan nan na sata ne. In kamfanin ya gane, yana iya ƙwace takardun mutum ya hana shi sake zama. In ma bai gane ba, ranar da rezon banki ya tsaya da tsakar dare, kowa yana duban mai babbar takarda, haddar ba za ta gyara kome ba.

A ƙauye kuma wani zai zo ya rada wa uwa cewa an yi wa ɗanta baki ne, a kawo akuya da kuɗi a karya. Ku riƙe akuyarku. Takardar sakamako ta riga ta nuna inda matsalar take.

Ga iyaye da matar gida

Ku iyaye, kada ku yi shelar tafiyar tun ba a je ba. Sau da yawa abin da yake nauyaya wa yaro ba faɗuwar ba ce, idon gari ne. Kowa ya ji ya tafi Turai jarrabawa, kowa yana jira, yanzu da wace fuska zai zo gida hutu? In ya kira ya ce bai ci ba, kada kalma ta farko ta zama ta kuɗi, kada kuma ta zama sunan ɗan wane da ya ci. Ku ce, "Sannu, ɗana. Ka iso lafiya? Ka ci abinci?" Lissafi yana da ranarsa, ba ranar nan ba ce.

Kada kuma ku ce masa ba kome. Da kome. Ya ba da watanni, wataƙila shekaru, yana tashi da asuba yana kwana a gaban kwamfuta. Ku bar shi ya yi baƙin cikinsa 'yan kwanaki. Amma ku sa ido. In makonni suka wuce ba ya barci, ba ya cin abinci, ya daina ɗaukar tarho, ya janye daga mutane, kada ku ce zai wuce da kansa. Wani ya tashi ya je wurinsa, zuwa da kai ya fi aike. In har ya fara cewa rayuwarsa ba ta da amfani, ko gara ya mutu, wannan ba maganar wasa ba ce. Kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ga likita.

Kai kuma maigida, ka tuna ba kai kaɗai kake biyan wannan jarrabawa ba. Matarka tana biya da maraicen da ba ta ga fuskarka ba. Yaranka suna biya da "ku yi shiru, Baba yana karatu." Sun yarda da shekara ɗaya, ga shi ana cikin ta uku. Ka tambaye ta, "Uwargida, za ki iya ɗaukar waɗansu wata shida?" Ka saurari amsarta da gaske. In ta ce a dakata, ba maƙiyiyarka ba ce. Ka kuma ware yini ɗaya a mako wanda ba ka buɗe kwamfuta. In mai jarrabawar 'yarku ce ko matarka, gama mata ma suna wannan sana'a, duk abin da muka faɗa ya shafe ta, har da ƙari, domin sau da yawa tukunya da goyo ba sa jiran karatunta sai an taimake ta.

In damina ta yi nisa

Akwai shekarar da manomi yakan duba sama ya ƙirga kwanaki ya ga hatsi ba zai ƙara nuna ba. Ba ya barin gonar haka. Yakan sa wake, ya samu abinci da harawa. Ba wanda yake kiran wannan kasawa.

Ga mai aikin rezo ma akwai irin wannan. Tun 2020, jarrabawar farko ta CCIE ita ce kuma ginshiƙin CCNP. Wanda ya ci ta, jarrabawa ɗaya tak ta rage masa ya sami CCNP, ta amsa tambayoyi a kwamfuta, wadda kuɗinta dala 300 ne a 2023. Takarda ce mai daraja a wurin masu ɗaukar aiki. Ilimin da ya tara a shekarun shiri kuma yana nan a hannunsa, kowace safiya yana aiki da shi. Yawancin masu riƙe da rezon duniya ba su da lambar CCIE, suna kuwa ciyar da gidajensu.

Wanda makinsa yake hawa a kowane karo, ya gane raminsa, gidansa kuma ya yarda, kuɗin yana nan ba na bashi ba, to ya koma. Amma kada ya sa ranar tafiya tukuna. Ya fara yin gwajin awa 8 a gida, wani gwani yana duba masa. Sai ya ci irin wannan gwaji sau da dama a jere, da sauran lokaci a hannunsa, sa'an nan ya biya kuɗin ya nemi biza.